Tudun da aka sare: ambaliya da tashoshin nukiliya

A shekarar 1967, lokacin da kamfanin wutar lantarki na Tokyo, wato TEPCO, ya fara gina tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi a gaɓar tekun arewa maso gabashin Japan, filin da ya samu tudu ne mai tsayin kusan mita 35 daga saman ruwan teku. Da an kafa tashar a bisa wannan tudu yadda Allah ya halicce shi, da wataƙila a yau, in ban da mutanen yankin da ma'aikatan kamfanin, babu wanda ya san sunan Fukushima. Amma sai aka sa motocin haƙa suka sare tudun, aka kwashe ƙasa mai zurfin mita 25, aka dasa ginin a tsayin mita 10 kacal.

Waɗanda suka yanke wannan shawara masana ne, kuma suna da hujjojinsu. Suna son harsashin ginin ya zauna a kan dutse mai ƙarfi saboda girgizar ƙasa, suna kuma son sauƙin sauke manyan kayan aiki daga jiragen ruwa. Sannan akwai lissafin kuɗi, domin tasha irin wannan tana zuƙar ruwan teku dare da rana, kuma duk mita guda da aka ƙara wa tsayin ginin, kuɗin tura ruwa sama ne da za a riƙa biya shekara da shekaru. Dangane da igiyar tsunami kuwa, sun duba abin da ke rubuce, suka ga mafi girma da aka auna a wannan gaɓa ita ce wadda girgizar ƙasar Chile ta turo a 1960, mai tsayin mita 3 da 'yan kai. Mita 10 ta ninka wannan sau uku. A takarda dai babu abin tsoro.

Igiyar da ta zo ranar 11 ga Maris 2011 ta kai mita 14 zuwa 15.

Na ɗauko wannan labari ne domin yawancinmu, idan aka ambaci haɗarin nukiliya, bom ne ke faɗo mana a rai, ko ɗan ta'adda, ko ma'aikacin da ya taɓa maɓallin da bai kamata ba. Ruwa ba ya cikin lissafinmu. Alhali kuwa haɗarin nukiliya mafi muni da duniya ta gani a wannan ƙarni, ruwa ne ya jawo shi, kuma kafin shi ruwa ya sha yin gargaɗi a wasu ƙasashe. Ra'ayina, bayan bin diddigin waɗannan al'amura, shi ne cewa kowace tasha tana zaune a kan lamba guda da wani ya rubuta, wato iyakar inda ake zaton ruwa zai kai, kuma lafiyar tashar ta dogara ga wanda ya rubuta lambar da wanda yake da ikon tilasta a gyara ta. Maganar ta shafe mu, domin ɗaya daga cikin wuraren da Najeriya ta ware don tasharta ta farko yana kusa da kogin Neja ne, ƙasa kaɗan da Lokoja. Zan dawo kan wannan.

Sai an fara da dalilin da ya sa ake kai waɗannan tashoshi bakin ruwa. Tashar nukiliya, idan aka cire kwarjinin sunanta, ƙaton murhu ne na dafa ruwa. Sandunan yuraniyom da ke cikin wata babbar tukunyar ƙarfe suna ba da zafi, zafin ya mai da ruwa tururi, tururin ya juya farfelar injin da ke samar da lantarki. Sai dai kashi ɗaya cikin uku na zafin ne kawai yake zama lantarki. Sauran kashi biyun dole a zubar da su, kuma ba abin da ke iya ɗauke wannan zafi da araha kamar teku ko babban kogi. Tasha mai ba da megawat 1,000, idan tana sanyaya kanta kai tsaye da ruwan teku, takan zuƙi lita dubu 40 zuwa 50 a kowane sakan guda. Akwai tashar Palo Verde a hamadar Arizona ta Amurka, wadda ke amfani da ruwan kwatar birnin Phoenix bayan an tace shi, amma ita ɗaya ce tamkar da goma. Saura duk maƙwabtan ruwa ne.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi muhimmanci, kuma shi ne aka fi jahilta. Ana iya tsayar da aikin tukunyar nukiliya cikin 'yan sakanni, amma tsayar da ita ba ya sanyaya ta. Duk wanda ya taɓa janye itace daga murhu ya san garwashi na nan da ransa a ƙarƙashin toka. Ɓurɓushin da ke taruwa a cikin sandunan yuraniyom yana ci gaba da fitar da zafi da kansa, kuma babu maɓallin da ke kashe shi. Da zarar an tsayar da tukunya, zafin da ya rage yakan kai kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari na cikakken ƙarfinta. Bayan awa guda ya sauko zuwa kusan kashi 1.5, bayan kwana guda, kusan rabin kashi ɗaya. Lambobin kamar ba su da yawa, sai an fassara su. Tasha mai megawat 1,000 na lantarki tana fitar da zafi na kusan megawat 3,000. Rabin kashi ɗaya na wannan megawat 15 ke nan, daidai da a jona hitar dafa ruwa mai cin kilowat 2 guda 7,500 a cikin randa ɗaya, kwana guda cur bayan an ce an kashe wuta.

Saboda haka dole ruwa ya ci gaba da zagayawa a cikin tukunyar, kwana da kwanaki, wata da watanni. Ruwa ba ya zagayawa sai da injin turawa, injin kuma sai da lantarki. Tashar da ke ba miliyoyin mutane wuta, ranar da ta tsaya, ita ma mabuƙaciya ce. Tana ɗauka daga babban layin ƙasa. Idan ya yanke, ta koma kan manyan janaretocin dizal. Idan suka mutu, sai batura, waɗanda ba sa wuce wasu awanni. Idan duka ukun suka tafi, ruwan tukunya zai tafasa ya ƙone, sandunan su fito fili, kuma da zafinsu ya haura digiri 1,200, ƙarfen da aka lulluɓe su da shi zai fara haɗuwa da tururi yana haifar da iskar haidurojin mai fashewa. Ambaliya ba ta buƙatar fasa tukunyar, wadda ke bayan katangar siminti mai kauri. Ya ishe ta ta sami ɗakin da wayoyi suke.

Haka aka yi a Fukushima. Da ƙarfe 2:46 na rana girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta auku. Tukwane uku da ke aiki suka tsaya da kansu, kamar yadda aka tsara. Girgizar ta katse layukan wutar da ke shigowa daga waje, janaretoci suka tashi, su ma kamar yadda aka tsara. Har zuwa nan tashar ta ci jarrabawa. Kimanin minti 50 bayan haka babbar igiyar ta iso, ta shafe injinan zuƙo ruwan teku da ke bakin gaɓa, ta haura filin tashar, ta kwarara cikin gine-gine. Yawancin janaretocin kuwa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suke, bisa zanen da aka kawo daga Amurka. Duk wanda ya taɓa ɗora ɗan janaretonsa a kan bulo da faɗuwar damina zai yi mamakin wannan, amma haka abin yake. Cikin janareto 13 da tashar ke da su, guda ɗaya ne ya ci gaba da amfani, kuma shi ya ceci tukunya ta 5 da ta 6. Abin takaici, akwai wasu biyu da ruwa bai taɓa su ba, amma akwatunan rarraba wutarsu suna ƙasa, ruwa ya cinye su. Ga wuta, babu hanyar kai ta inda ake so.

Ɗakunan sarrafa tashar suka yi duhu. Ma'aikata suka riƙa ciro batura daga motoci suna jonawa domin su iya karanta ma'aunin ruwan da ya rage a tukwane. Sandunan tukunya ta 1 da ta 2 da ta 3 suka narke. Ginin ta 1 ya fashe ranar 12 ga Maris, na ta 3 ranar 14, na ta 4 ranar 15. Fiye da mutum 150,000 suka bar gidajensu.

An sha cewa wannan ƙaddara ce da ta fi ƙarfin tunanin ɗan'adam. Takardun kamfanin ba su goyi bayan wannan magana ba. A 2002 an ɗaga lambar tsunami daga mita 3.1 zuwa 5.7. A 2008 injiniyoyin da ke yi wa kamfanin aiki suka sake lissafi bisa wani hasashe na kwamitin binciken girgizar ƙasa na gwamnati, suka sami mita 15.7. Masana tarihin ƙasa kuma sun riga sun tono yashin teku can cikin gonaki, shaidar wata gagarumar igiya da ta afka wa yankin a shekara ta 869. Shugabannin kamfanin ba su ce lissafin ƙarya ne ba. Sun dai miƙa shi ga wata ƙungiyar injiniyoyi ta ƙara nazari, wanda duk ma'aikacin ofis ya san ma'anarsa. Sai ranar 7 ga Maris 2011 aka gabatar da lambar ga hukumar sa ido, saura kwana huɗu ruwa ya zo.

Ita kanta hukumar a lokacin tana ƙarƙashin ma'aikatar tattalin arziki da masana'antu ne, wato ma'aikatar da aka ɗora wa alhakin tallata makamashin nukiliya. Mai saye da mai awo gida ɗaya. Kwamitin bincike da majalisar dokokin Japan ta kafa ƙarƙashin Kiyoshi Kurokawa ya bayyana a rahotonsa na Yuli 2012 cewa bala'in aikin hannun mutum ne, kuma a watan Satumba na shekarar aka rushe hukumar aka kafa wata mai cin gashin kanta. Tsofaffin shugabannin kamfanin uku da aka gurfanar kuwa, kotu ta wanke su a 2019.

Hujja mafi ƙarfi a kan masu cewa ba yadda za a yi ita ce tashar Onagawa, wadda ta fi Fukushima kusa da cibiyar girgizar. Lokacin da ake tsara ta a ƙarshen shekarun 1960, lissafin tsunami a can ma bai wuce 'yan mitoci ba. Amma a cikin kwamitin akwai wani dattijon injiniya, Yanosuke Hirai, wanda ya kafe a kan cewa tarihin igiyoyin 869 da 1611 ya fi ɗan guntun tarihin na'urorin awo nauyi. Aka kafa tashar a tsayin mita 14.8. A 2011 girgizar ta sa ƙasar wurin ta nitse da kusan mita guda, igiyar kuma ta kai kusan mita 13. Ratar da ta rage ba ta cika mita ɗaya ba, amma ta isa. Duka tukwane ukun suka sanyaya lafiya, har ɗaruruwan mutanen ƙauyukan da ruwa ya share suka sami mafaka a zauren motsa jiki na tashar. Hirai ya rasu tun 1986, bai ga ranar ba. Ko a can ma, ruwa ya sami kafa ta ramin wata na'urar auna tsayin teku ya shiga ƙarƙashin ginin tukunya ta 2, ya kashe wasu injina. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma ruwa ƙofar allura ma ta ishe shi.

Mai karatu zai iya cewa wannan matsalar masu tsunami ce. To, shekara 11 kafin Fukushima, an kusa yin irinta a Faransa, ba tare da girgizar ƙasa ba. Tashar Blayais tana bakin mashigin Gironde, arewa da birnin Bordeaux. A daren 27 ga Disamba 1999 guguwar da aka yi wa laƙabi da Martin ta zo daidai da cikar teku. An kewaye tashar da jinga mai tsayin mita 5 da 'yan kai, kuma waɗanda suka lissafa tsayinta sun yi la'akari da yadda ruwa ke tashi, amma ba su sa raƙuman ruwan da iska ke korowa a cikin mashigin ba. Raƙuman suka riƙa tsallake jingar. Ruwa ya bi ramukan da wayoyi da bututu ke ratsawa, ya karya ƙofofin da aka yi domin tare gobara, ya cika ƙarƙashin gine-ginen tukunya ta 1 da ta 2. Wasu injinan gaggawa na tura ruwa cikin tukunya suka nitse, rabin injinan sanyaya tukunya ta 1 suka tsaya, wani ɓangare na wutar waje ya yanke, hanyar shiga tashar ma ruwa ya rufe ta, har ma'aikatan da aka kira daga gida suka kasa isowa a kan lokaci. Janaretoci dai sun tashi, sauran injinan suka riƙe, aka kwana lafiya. An sa lamarin a mataki na 2 cikin 7 na ma'aunin haɗurran nukiliya.

Daga baya ta bayyana cewa tun kafin guguwar an riga an gano jingar tana buƙatar ƙarin rabin mita, an tsara aikin, sannan aka ɗage shi. Faransa ta ɗauki darasi, ta sake nazarin ambaliya a dukan tashoshinta, ta ɗaga jingaye, ta toshe ramuka. An wallafa rahotanni, an yi taruka na ƙasa da ƙasa. Janaretocin Fukushima kuwa suka ci gaba da zama a ƙarƙashin ƙasa.

Misalin da ya fi kama da halinmu shi ne na Fort Calhoun a jihar Nebraska ta Amurka, domin can ba teku ba ne, kogi ne da madatsun ruwa a samansa. A 2011 an yi dusar ƙanƙara mai yawa a duwatsu, ruwan sama kuma ya biyo baya, madatsun kogin Missouri suka cika maƙil, dole masu kula da su suka buɗe ƙofofi. Daga watan Yuni ruwa ya kewaye tashar, ya haura filinta da fiye da rabin mita, ya zauna makonni. Ma'aikata a kan gadojin katako suke shiga ofis. An kewaye muhimman gine-gine da wata doguwar robar da aka cika da ruwa a matsayin jinga, sai ranar 26 ga wata wata ƙaramar motar aiki ta huda ta, ta sace. Duk da haka ba a yi asara ba, saboda dalili biyu. Na farko sa'a ce: an tsayar da tukunyar tun watan Afrilu domin sauya sanduna, garwashin ya riga ya huce sosai. Na biyu kuwa, masu duba tashoshi na hukumar sa ido ta Amurka sun riga sun gano cewa shirin ambaliyar tashar bai wadatar ba, suka rubuta mata laifi a hukumance a 2010. Kamfanin ya yi gardama, hukumar ba ta janye ba, dole ya gyara ƙofofi da shingaye. Watanni kaɗan bayan haka ruwan ya zo. Wani ma'aikacin gwamnati mai taurin kai, wanda ba mu san sunansa ba, ya yi wa mutanen birnin Omaha abin da Hirai ya yi wa na Onagawa.

Adalci ya wajaba a nan, domin ba na cikin masu ganin nukiliya shaiɗan ce. Mutum fiye da 18,000 da suka mutu ko suka ɓace a Japan a 2011, igiyar ruwa ce ta ci su. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahoton da ya fitar a 2021, bai sami wata cuta a tsakanin mazauna yankin da za a danganta kai tsaye ga tururin nukiliyar ba. Amma fiye da mutum 2,000 a lardin Fukushima, yawancinsu tsofaffi da marasa lafiya, sun mutu sanadin wahalar ƙaura da zaman gudun hijira. Gwamnati ta ƙiyasta kuɗin gyara da diyya a kan yen tiriliyan 21.5 a 2016, aikin kwance tashar kuma an ce zai ci shekara 30 zuwa 40. Japan ƙasa ce mai arziki da tsari, ta ɗauki nauyin da ƙyar.

Kuma an yi gyara bayan haka. Tarayyar Turai ta sake gwada dukan tashoshinta. Faransa ta kafa rundunar gaggawa mai iya kai injina da janaretoci kowace tasha, ta kuma gina ƙarin janaretoci a kan tudun siminti. Amurka ta tanadi kayan agaji a manyan rumbuna biyu, a Memphis da Phoenix. A Onagawa an gina katanga mai tsayin mita 29 kafin a sake kunna tukunya ta 2 a 2024. Sababbin tukwane kuma ana tsara su da tankunan ruwa a sama da hanyoyin sanyaya da ba sa buƙatar lantarki, waɗanda za su iya riƙe tukunya har kwana uku. Wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai kwana uku jinkiri ne kawai; a rana ta huɗu dole wani ya iso da ruwa da mai da wuta.

Ga kuma matsalar da ba a warware ba. Lambar ambaliya daga tarihi ake ciro ta, tarihin kuwa ya daina zama abin dogaro. Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin danshi na kusan kashi 7 cikin ɗari, wanda ke nufin ruwan sama mai sauka da ƙarfi a lokaci guda. Teku ta tashi da kusan santimita 20 tun daga 1900. Tashoshin da aka ba lasisin shekara 40 ana tsawaita musu zuwa 60, wasu har 80, tsofaffin sandunan kuma suna nan a wurin bayan an rufe tasha. Duk da haka, a watan Janairu 2019 shugabannin hukumar sa ido ta Amurka suka kaɗa ƙuri'a, uku da biyu, suka cire sharaɗin da zai tilasta wa tashoshi daidaita shirinsu na gaggawa da sababbin lissafin ambaliya. A 2024 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar ƙasar ya ce hukumar ba ta sa sauyin yanayi cikin lissafinta yadda ya kamata. Ko hukuma mai ƙarfi takan gaji idan shekaru suka wuce ba a ga ruwa ba.

Yanzu sai mu dawo gida. Tashar nukiliya ɗaya ce ke ba da wuta a duk faɗin Afirka, wato Koeberg kusa da Cape Town, wadda ta fara aiki a 1984. Masar ta fara gina tukwane huɗu a El Dabaa a bakin Bahar Rum a 2022, tare da kamfanin Rosatom na Rasha. Najeriya tana da 'yar ƙaramar tukunyar bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 2004, mai ƙarfin kusan kilowat 30, wadda ba ta buƙatar injin sanyaya ko kaɗan, don haka ba ita ake magana ba. Ana maganar manyan tashoshin da aka rattaba hannu da Rosatom a kansu a 2017, waɗanda Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya ta ware musu wuri biyu: Itu a jihar Akwa Ibom, a bakin kogin Cross, da Geregu a ƙaramar hukumar Ajaokuta ta jihar Kogi. Shirin yana tafiyar hawainiya, ba a aza tubali ko ɗaya ba. Shi ya sa ma yanzu ne lokacin magana, tun ƙasa tana hannun masu awo.

Geregu tana ƙasa da mahaɗar Neja da Binuwai. Duk ruwan da aka saki daga Kainji da Jebba, da na Shiroro da Zungeru a kan kogin Kaduna, da na madatsar Lagdo ta Kamaru, ta nan yake wucewa. Lagdo tun 1982 take aiki, madatsar Dasin Hausa da aka ce za a gina a Adamawa domin ta tare ruwanta kuwa har yau tana takarda. Wato wani ɓangare na lambar ambaliyar Geregu yana hannun wata ƙasa. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu, aka ce ba a ga irinta ba cikin shekara 40. Shekara goma kacal bayan haka, a 2022, wata ta zo ta kashe fiye da 600, ma'aunin ruwa na Lokoja kuma ya wuce inda ya tsaya a 2012. Injiniyan da ya ɗauki 2012 a matsayin iyaka, da tuni ruwa ya ƙaryata shi. Batun yadda muke kula da madatsu kuwa, mutanen Maiduguri sun ga amsarsa ranar 10 ga Satumba 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyarta ta 1994.

Ba ina cewa ba za a iya gina tasha a Geregu ba. Akwai tuddai a yankin, akwai tashoshin wuta masu amfani da iskar gas da ke aiki a can, kuma injiniya zai iya ɗaga gini duk tsayin da aka biya shi. Abin da ke damuna shi ne rabin farko na labarin Fukushima, wato yankewar wutar waje. A Japan sai da aka yi girgizar ƙasa mai maki 9 kafin hakan ta faru. A nan babban layin ƙasa yakan durƙushe sau da dama a shekara, rana tsaka, ba iska ba hadari, kuma a watan Oktoba 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce kada tukunya guda ta wuce kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin layin da take ciki. Tukunya mai megawat 1,200 a kan layin da ke ɗauke da 4,000 zuwa 5,000 ta kai rubu'insa, ta yadda tsayawarta kaɗai za ta iya kayar da layin da ita kanta za ta nemi wuta daga gare shi. Tashar da ke irin wannan hali, janaretocinta ba na ko-ta-kwana ba ne, abokan aikin yau da kullum ne, kuma ranar da durƙushewar layi ta haɗu da cikar kogi ba rana ce mai wuyar zato ba.

Don haka idan maganar ta sake tasowa, kuma za ta taso, ina ganin 'yan jarida da 'yan majalisa da ƙungiyoyin injiniyoyi su rage tambayar megawat nawa, su nemi a buga lambar a fili: mita nawa ne tsayin filin daga mafi girman ruwan da aka taɓa aunawa a Lokoja, kuma an lissafa ɓallewar madatsa a sama ko ba a lissafa ba. Su tambayi inda akwatunan rarraba wuta za su zauna. Su kuma duba Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, wadda ta fara aiki a 2001, su ga ko tana da kuɗinta da ƙwararrunta da kariyar doka da za ta iya duban kamfanin da ya kawo bashin biliyoyin daloli, da ministan da ke jiran ranar yanke ƙyalle, ta ce a dakata sai an ƙara rabin mita.

Akwai kuma tambayar hanya. A tashoshin Amurka ana tanadar wa janaretoci man kwana 7, bayan haka sai tanka ta kawo wani. A watan Oktoba 2022 ruwa ya rufe hanyar Lokoja zuwa Abuja a wajen Koton Karfe, manyan motoci suka yi jerin gwano na kwanaki, har layin mai ya dawo Abuja. Hanyar da ta tashi daga Lokoja ta bi ta Ganaja zuwa Ajaokuta, wadda ita ce ta nufi Geregu, ita ma ta nitse a 2012 da 2022, mutane a kwalekwale suke tsallake ta.